Daga Gatari Zuwa Injin Zarto: Tarihin Gyaran Ƙananan Injuna a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Ƙasar Ƙaraye da Rogo, wadda ke kudu maso yammacin jihar Kano inda ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, tana cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a jihar, kuma hakan ne ya sa gonakinta suka daɗe suna ɗauke da manyan itatuwa irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da kanya, waɗanda manomi ke bari da gangan a tsakiyar shukarsa saboda kalwa da man kaɗe da miya da inuwa. Kafin zuwan inji, duk abin da ya shafi itace yana hannun maƙeri da masassaƙi ne, na farko ya ƙera gatari da gizago ya kuma wasa su, na biyu ya sassaƙa turmi da taɓarya da akushi da ƙota, sai kuma masu tsaga giginya domin fitar da azara. Kada tsohuwar ɗorawa da gatari aiki ne da kan cinye wa ƙarfafan maza yini guda ko fiye, don haka nauyin aikin shi kansa ya zama kariya ga itatuwa tun kafin dokar daji ta 1916 da malaman daji na En'e su zo su ƙara tasu.

Injin da ya sauya wannan lissafi a Jamus aka fara ƙera shi. A shekarar 1926 Andreas Stihl ya fitar da zarto mai sarƙa da ke aiki da lantarki, a 1927 kamfanin Dolmar na Emil Lerp ya fito da mai amfani da fetur, Stihl kuma ya biyo da nasa a 1929, amma dukansu manya ne da sai mutum biyu ke iya sarrafa su. Abubuwa biyu sun taimaka wajen mayar da shi kayan aikin mutum ɗaya. Na farko shi ne sarƙa mai lanƙwasassun haƙora da Joseph Cox ya ƙirƙiro a Amurka a 1947, na biyu kuma kafireto mai tantani, wato na'urar haɗa fetur da iska wadda ke jawo mai ta hanyar bugawar wata siririyar fatar roba, ta yadda injin zai ci gaba da aiki ko a karkace yake ko a kife. Samfurin Stihl 070, wanda ya fito a 1968 da silinda mai girman kusan sisi 106, shi ne ya zama sanannen injin masu tsaga katako a Afirka ta Yamma, kuma daga dazuzzukan kudancin Nijeriya ya biyo hanyar fataucin katako zuwa Arewa, inda ya samu aiki wajen tsaga mangwaro da darbejiya da turare, da kuma yanka itacen girki da na gawayi.

Abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi shi ne cewa injin ya iske masu gyaransa suna jiransa, domin ilimin da ake buƙata ya riga shi isowa ta wasu hanyoyi. Kuɗin gyaɗa da auduga sun cika karkarar Kano da kekuna, suka haifar da mai gyaran keke a kowace kasuwa. Arzikin man fetur da ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 suka kawo babura irin su Vespa da Yamaha da Suzuki, waɗanda yawancinsu injinsu mai bugu biyu ne, wato wanda ke kammala shan mai da ƙona shi da fitar da hayaƙi a hawa ɗaya da sauka ɗaya na fistin. Bayan su, hukumar raya noma da karkara ta jihar Kano, wato KNARDA, a shekarun 1980 da shirin Fadama na ƙasa da ya fara a farkon shekarun 1990 suka baza injinan ban ruwa, madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a ƙasar Ƙaraye a 1992 kuma ta ƙara wa noman rani ƙarfi a yankin. Daga baya ƙarancin wutar lantarki ya shigo da ƙaramin janareto mai bugu biyu cikin shaguna da gidaje. Saboda haka bakaniken da aka fara kai wa injin zarto ya riga ya san fulogi da ringi da kafireto, abin da ya rage masa kawai shi ne ya saba da injin da ya fi duk waɗancan gudu da zafi da rashin haƙuri.

Tsarin binciken da masu gyara suka gada daga babur bai sauya ba, kuma ya tsaya ne a kan abubuwa huɗu da inji ba ya tashi sai da su, wato wuta da mai da iska da matsi. Ana fara kwance fulogi a jingina shi da jikin silinda a ja igiya, a ga ko zai ba da tartsatsi shuɗi mai ƙarfi, sannan a duba bakinsa, domin launinsa yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki: ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai danshi yana nuna mai ya yi yawa, fari-fat kuwa yana nuna mai ya yi kaɗan kuma injin yana ƙuna. Tazarar bakin fulogin kan kasance rabin milimita. Matsi, wato ƙarfin da fistin ke danne haɗin mai da iska da shi, ana gwada shi ba tare da wata na'ura ba, ta hanyar ɗaga injin da igiyar tayarwa a bar nauyinsa ya ja shi ƙasa. Idan ya sauka a hankali yana tsayawa, ringi na da sauran rai, idan kuma ya zube gaba ɗaya, to sai an buɗe silinda.

Da yawa daga cikin injinan da ke mutuwa a wannan yanki mai ne ajalinsu, kuma a nan ne tarihin sana'ar ya haɗu da tarihin fetur a Nijeriya. Inji mai bugu biyu ba shi da ma'ajiyar baƙin mai ta daban, don haka man da ke hana ƙarafansa cin juna dole a cikin fetur za a gauraya shi. Ƙa'idar masu ƙera sababbin injuna ita ce kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, tsofaffin injuna kuwa, ko waɗanda aka zuba wa man da ba a tabbatar da ingancinsa ba, kashi 1 cikin 25 ake ba su, wato mililita 40. A daji da murfin galan ko da ido ake aunawa, kuma sau da yawa baƙin man mota ake zubawa a madadin man da aka yi domin wannan inji, alhali man mota ba a yi shi don ya ƙone ba, sai ya bar gawayi ya toshe bakin salansa ya kuma manne ringi a jikin fistin. Ga kuma fetur ɗin kansa, wanda a ƙauyukan da ke nesa da gidan mai yawanci daga kwalaben 'yan bumburutu yake fitowa, wani lokaci da ruwa ko kananzir a cikinsa. Gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar a watan Fabrairun 2022 ya nuna wa kowa illar irin wannan, domin sinadarai irin metanol suna busar da tantanin kafireto su kuma tsattsage tiyon mai.

Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara wani haɗari da ya fi wancan ɓoyuwa, wato neman a rage wa inji shan mai saboda tsadarsa. A jikin kafireto akwai ƙananan kusoshi uku na saiti, ɗaya na ƙaramin gudu, ɗaya na babban gudu, ɗaya kuma na tsayuwar inji ba tare da an taɓa totur ba. Idan aka ɗaure kusar babban gudu, injin zai rage shan mai, ƙararsa ta ƙara kaifi, ofareta, wato mai riƙe da injin a wurin yanka, ya ɗauka an ƙara masa ƙarfi. Gaskiyar lamarin ita ce rage fetur rage man da ke cikinsa ne, kuma rage sanyaya silinda ne, ƙarshensa fistin ya kumbura ya goge jikin silinda, a ce inji ya buga. Gwanin bakanike da kunne yake yin wannan saiti, yakan bar injin da ɗan gurnani idan aka buɗe masa totur a iska, gurnanin da zai ɓace da zarar sarƙa ta shiga itace. Wanda ya yarda ya ɗaure kusar don ya faranta wa mai inji rai ya cuce shi, ko da kuwa shi ya nema.

Bayan mai, ƙurar hunturu ita ce abokiyar gaba ta biyu, kuma lokacinta ya zo daidai da lokacin da aka fi yanka itace, bayan an kawar da amfanin gona. Idan matatar iska ta toshe, injin yakan yi hayaƙi ya rasa ƙarfi, sai wasu su cire ta su jefar, ƙura ta samu hanya kai tsaye ta riƙa cin fistin daga ɓangaren da iska ke shiga. Wanke matatar kowace yamma aikin minti kaɗan ne, amma shi ne ke raba injin da zai shekara yana aiki da wanda zai koma shago kafin damina.

A wajen sarƙa kuwa gadon maƙera ne ya fi fitowa fili. Kowane haƙori yana da baki mai yanka da kuma ɗan tudu a gabansa wanda ke iyakance zurfin da zai shiga, kuma ana wasa bakin da zagayayyen magagari a kusurwar da ta kai digiri 30 idan yankan gicciye za a yi, ko kusan digiri 10 idan tsaga katako za a yi a tsaye. Sarƙa mai kaifi takan zubar da ɓarzajjen itace, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa kamar na tuwo, kuma daga ganin abin da ke ƙasa gwani yake gane halin da take ciki tun kafin ya taɓa ta. Itatuwan wannan yanki suna saurin dakusar da ita, saboda yashin da iska ke cusa wa ɓawonsu da ƙasar da gara ke ɗaura musu, na cikin gari kuma ga ƙusoshi da wayoyi da suka nutse a jikinsu. Al'adar goge ɗan tudun nan fiye da kima don injin ya riƙa ci da sauri tana sa sarƙa ta cije ta wurgo injin baya zuwa fuskar mai riƙe da shi, kuma da wuya a ga ofareta a karkara da hular kariya ko takalmi mai ƙarfi.

Injin yankan ciyawa, wanda George Ballas ya ƙirƙiro irinsa mai igiyar roba a birnin Houston a farkon shekarun 1970, ɗan'uwan injin zarto ne ta fuskar ƙira, sai dai bai samu irin karɓuwarsa ba, kuma dalilin a bayyane yake. Ciyawa a ƙasar Hausa abincin dabbobi ce da ake yanka da lauje a ɗaure a sayar, injin kuwa daddatsa ta yake yi ya watsar, share gona kuma maganin feshi ya riga ya karɓe shi. Ya fi zama a harabar makarantu da ofisoshi da gidajen masu hali, kuma cututtukansa biyu da suka keɓanta da shi su ne bushewar giris a kan da ke juyawa, da barin igiya ta yi tsawo bayan an cire marfin kariya, abin da ke nauyaya wa injin har kulocinsa ya ƙone.

Kayan gyara daga Kano ake sayo su, musamman kasuwannin Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, kuma tun da injinan ƙasar Sin masu kwaikwayon 070 suka cika kasuwa, sana'ar ta ɗauki wani salo. Arahar kayan ta sa mallakar inji ta zo hannun mutane da yawa, amma ta kuma sa canja kafireto gaba ɗaya ya fi sauƙi a kan kwance shi a wanke a sauya tantani, don haka yaron shago na yau yana iya kammala koyo a wurin maigidansa ya iya kwancewa da ɗaurawa ba tare da ya iya saiti da kunne ba. Wannan asara ce ta gaske, domin sabon kafireto ma sai an saita shi.

Yawaitar injinan ta dawo da tambayar da nauyin gatari ya daɗe yana amsawa, wato yadda za a kare itatuwa. Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da injin zarto tun 1998, amma sana'ar ta ci gaba a ɓoye saboda kasuwar cikin gida na buƙatar katakon. A 2025 ma'aikatar muhalli ta jihar Kano ta sanar da hana amfani da injin ba tare da izini ba, tare da tsarin rajistar masu shi da sharaɗin dasa wasu itatuwa a madadin wanda aka sare. A Ƙaraye da Rogo, waɗanda tun 2024 suke ƙarƙashin masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu, aiwatar da irin wannan doka zai dogara ne ga dagatai da masu unguwanni da suka san kowace ɗorawa da mai ita, da kuma masu gyara, domin babu injin da ke shekara bai ratsa ta rumfar ɗayansu ba, kuma su ne suka fi kowa sanin yawan injinan da ke aiki a yankin da hannun da kowanne yake.