Ray Charles da Sauyin Kiɗan Baƙar Fatar Amurka

An haifi Ray Charles Robinson a garin Albany na jihar Jojiya ranar 23 ga Satumba, 1930, ya kuma tashi cikin talauci a Greenville ta jihar Fulorida. Idanunsa suka fara lalacewa tun yana ƙarami, ya makance gaba ɗaya yana ɗan shekara bakwai. Aka kai shi makarantar kurame da makafi ta St. Augustine, inda ya koyi karanta kiɗa a rubutun makafi. Hanyar tana da wuya: sai ya shafa rubutun da hannu ɗaya, ya buga piyano da ɗayan, sannan ya sauya hannu, ya haddace duka kafin ya haɗa su. Wannan horo ya ba shi ƙarfin riƙe waƙa a ka da iya tsara ta.

Bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1945, ya bar makaranta ya shiga neman abinci da kiɗa a garuruwan Fulorida, daga bisani ya yi ƙaura zuwa Siyatil. Faya-fayansa na farko kwaikwayon salon Nat King Cole da Charles Brown ne. A wancan zamani ne, a 1949, mujallar Billboard ta daina kiran waƙoƙin baƙar fata da sunan launin masu yin su, ta raɗa musu rhythm and blues.

Tauraronsa ya fara haskawa bayan da kamfanin Atlantic ya sayi kwantiraginsa a 1952. A can ya ajiye kwaikwayo, ya koma ga abin da kunnensa ya saba da shi tun yarinta, wato waƙar majami'a. Ya ɗauko amshi tsakanin jagora da 'yan amshi, da ɗaga murya irin ta mai wa'azi, da tafi, ya ɗora a kan waƙoƙin soyayya. Waƙar "I Got a Woman" da ya ɗauka a 1954 ta hau kan gaba a jerin waƙoƙin rhythm and blues. Masu kishin addini da dama suka ga abin saɓo ne, wasu gidajen rediyo ma suka ƙi sa "What'd I Say" ta 1959. Duk da haka daga wannan haɗi ne aka samu salon da ake kira soul.

A 1959 ya koma kamfanin ABC-Paramount bisa sharaɗin da ba safai mawaƙi ke samu ba a lokacin: mallakar asalin faya-fayansa za ta dawo hannunsa. "Georgia on My Mind" ta zo ta ɗaya a Amurka a 1960. A 1961 ya ƙi yin wasa a birnin Augusta na jihar Jojiya saboda an ware wa farare da baƙaƙe wurin zama daban. A 1962 kuma ya fitar da kundin waƙoƙin karkara, fannin da ake ɗauka na farare ne, ya sayu ƙwarai.

Rayuwarsa ba ta rasa tabo ba. Ya yi shekaru yana fama da shan muguwar ƙwaya ta heroin, aka kama shi a Boston a 1964, ya je asibiti ya rabu da ita. A 1979 jihar Jojiya, wadda ya ƙi amincewa da wariyarta, ta mayar da "Georgia on My Mind" waƙar jiha a hukumance. Ya rasu ranar 10 ga Yuni, 2004, yana da shekara 73, sakamakon ciwon hanta. Mawaƙan da suka biyo baya sun gaji abu biyu daga gare shi: salon da ya haɗa waƙar ibada da ta duniya, da misalin mawaƙin da ya tsaya har ya mallaki gumin kansa.