Tafarnuwa da ƙwayoyin cuta: tarihi da darasin mashaƙo a Matamaye

 A gidajenmu, in yaro ya tashi da ciwon maƙogwaro, abin da ake fara nema shi ne tafarnuwa, a daka, a haɗa da zuma, a ba shi. Wannan dabara ta daɗe a duniya. Wani kundin magani na Masar ta dā, da ake kira Ebers, wanda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa tafarnuwa cikin magunguna. A 1858 Louis Pasteur na Faransa ya lura ruwanta yana kashe mikrob. A yaƙin duniya na farko ma an yi ta sa ta a raunin sojoji.

Sai a 1944 wasu masana biyu a Amurka, Cavallito da Bailey, suka fiddo sinadarin da ke wannan aiki, wato alisin. Abin mamaki, ƙwayar tafarnuwa da ba a fasa ba babu alisin a cikinta. Abubuwa biyu ne ke zaune a ware, aliyin da aliyinaz. In an daka ko an tauna sai su haɗu, nan take alisin ya samu, shi ne warin nan mai ƙarfi. Yana ɗauke da farar wuta, yana manne wa sinadaran da mikrob ke rayuwa da su, ya tsai da aikinsu.

To amma fa alisin ba ya jimawa. Zafin tukunya yana lalata shi, in ya shiga jiki kuma da wuri yake wargajewa. Abin da yake yi a kwanon gwaji ba lalle ya yi shi a jinin mutum ba.

Mu a Matamaye mun ga mashaƙo da idonmu a 2023, yara ne ya fi kamawa. Mikrob ɗinshi yana zuba guba mai taɓa zuciya, yana kuma yin wata fata a maƙogwaro mai toshe numfashi. Émile Roux da Alexandre Yersin, a cibiyar Pasteur ta Paris, su suka gano gubar a 1888. A 1894 Roux ya yi wa ɗaruruwan yara magani da makarinta, wanda aka samo daga jinin doki. Har yau makarin nan da antibiyotik ne maganin mashaƙo, allurar Penta kuma ita ce rigakafi. Tafarnuwa ba ta karya wannan guba.

Saboda haka mu ci gaba da sa tafarnuwarmu a miya da yaji. Amma in yaro yana zazzaɓi, wuyanshi ya kumbura, ya kasa haɗiya, kar mu kwana muna daka. Mu kai shi CSI ko likita a ranar. Kwana biyu na jira yana iya zama ajali. Iyaye mata, ku duba karnen allurar yaranku. Allah ya tsare muna zuri'a, amin.