Horon 'yan lambu a Jiwa da kewayen Abuja: wuraren koyo, lokutan taro da hanyar shiga

Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 a Legas ko ta Shasha a Ibadan ya san yadda farashin kwandon tumatir yake tashi da zarar motocin Arewa sun makara a hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi sama, sai kayan miyar da ake nomawa a gefen gari suka ƙara daraja, domin su ba sa jiran tirela. Wannan ya sa lambu ya sake jan hankalin matasa, da matan aure masu ɗan fili a bayan ɗaki, har da 'yan kasuwar da suka gaji da asarar kaya a hanya.

To amma lambu sana'a ce mai son ilimi, kuma akwai wuraren da ake bayar da ilimin nan, galibi kyauta. Matsalar ita ce ba kasafai ake kiran mutum shi kaɗai ba, ta hannun ƙungiya ake bi, kuma kowane horo da lokacinsa. Jiwa ta Abuja misali ce mai kyau, saboda tana kusa da yawancin cibiyoyin, kuma irin ƙofofin da ke can akwai su a jihohin Kudu.

Ina ne Jiwa

Jiwa tsohon gari ne da ya riga Abuja ta yanzu kafuwa. An ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya ranar 3 ga Fabrairun 1976 a zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati kuma ta tare a can ranar 12 ga Disamban 1991. A yau Jiwa mazaɓa ce cikin mazaɓu 12 na Ƙaramar Hukumar Birni, wato AMAC, kuma tana da masarautarta ƙarƙashin Sarkin Jiwa. Maƙwabtanta su ne Gwagwa da Karmo da Dei-Dei, inda ake da kara ta dabbobi da kasuwar kayan gini da ta kayan gwari.

Ga ɗan lambu wannan zama yana da amfani biyu. Ga kasuwa a kusa: Dei-Dei, Karmo, Kubwa, Zuba, ga kuma kasuwannin cikin gari irin su Wuse da Utako. Ga kuma taki a kusa, domin inda ake tara shanu da awaki ba a rasa kashinsu. A bakin rafuka da fadamun yankin ake shuka alayyafo, latas, kabeji, kuɓewa, yalo, attaruhu, da ganyen da baƙi 'yan Kudu suke nema kamar ugu da shuwaka.

Shekarar ɗan lambu

A Abuja ruwa yana sauka wajen Afrilu, ya ɗauke wajen ƙarshen Oktoba. Daminar nan ba ta yi wa tumatir daɗi, ruwa da laima suna jawo masa ciwon ganye da ruɓa, shi ya sa yake tsada daga Mayu zuwa Yuli. Kuɗin ɗan lambu yana cikin rani, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da sanyin hunturu yake taimakon tumatir da kabeji da latas da karas.

Saboda haka mai hankali yana yin karatunsa ne da damina. Daga Yuli zuwa Satumba ake haɗa takin gargajiya, a gyara injin ban ruwa, a nemi iri, a daidaita da mai fili, a je duk taron bitar da ya samu. A Satumba da Oktoba ake zuba iri a wurin reno. Wanda ya bari sai Disamba sannan ya fara tambayar ina ake horo, to ya makara, sai dai baɗi.

A farkon kowace shekara kuma Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina: yaushe ruwa zai sauka a kowace jiha, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron fari a tsakiya. Malaman gona suna dogara da shi wajen ba da shawarar lokacin shuka.

Su wa ke horarwa

Ƙofar farko ita ce malamin gona. Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Abuja, wato ADP, tana da hedikwata a Gwagwalada, tana ƙarƙashin Sakatariyar Noma ta Babban Birnin Tarayya. Kowace ƙaramar hukuma cikin shida, wato AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, tana da sashen gona. Mutumin Jiwa sashen gona na AMAC ne nasa.

Ta biyu ita ce shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990. Abin alfahari ne cewa kalmar Hausa ce ta zama sunan shirin a duk ƙasa. Abuja tana cikin wuraren da suka shiga Fadama II da aka fara a 2004, tare da jihohi irin su Legas, Ogun, Oyo da Imo. Fadama III ya game jihohi 36 da Abuja. Bayan annobar korona aka zo da shirin NG-CARES, wanda ɓangarensa na noma ya bi ta ofisoshin Fadama. Tsarinsu ɗaya ne tun asali: manoma su haɗu a ƙaramar ƙungiya, ƙungiyoyin gari su haɗu a babba, sannan a ba su horo da kayan aiki kamar injin ban ruwa da iri da taki.

Ta uku cibiyoyin bincike ne. Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi, IITA, da aka kafa a Ibadan a 1967, tana da reshe a Kubwa, nan kusa da Jiwa, kuma tun 2012 take da shirin koya wa matasa noma a matsayin kasuwanci. Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa tana Sheda, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, ita ke tantance irin da kamfanoni suke sayarwa, kuma takan shirya baje kolin iri inda manomi zai ga amfanin a tsaye a gona kafin ya saya. Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada tana da tsangayar aikin gona. A Zariya kuma akwai NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aikinta shi ne isar da sakamakon bincike ga manoma, har da ƙasidu da shirye-shiryen rediyo da Hausa.

Akwai wani salon koyarwa da ya kamata a sani, wato makarantar manoma a gona. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fara shi a Indunusiya a 1989. Manoma kamar 25 zuwa 30 suke haɗuwa sau ɗaya a mako a gona guda, tun daga shuka har girbi. A raba gonar biyu, gefe a yi yadda aka saba, gefe a yi sabuwar dabara, kowa ya gani da idonsa. Ba a neman takardar makaranta, wanda bai yi boko ba ma yana shiga.

Manyan tarukan shekara

Yawancinsu suna faɗowa ne a ƙarshen damina. Baje kolin ƙasa da ƙasa na Abuja, wanda Cibiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta Abuja take shiryawa a filinta da ke hanyar filin jirgin sama, yakan kasance tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoba. Ranar 16 ga Oktoba ita ce Ranar Abinci ta Duniya, ranar da aka kafa FAO a 1945. Sai Baje Kolin Aikin Gona na Ƙasa da ake yi a filinsa na kan hanyar Abuja zuwa Keffi, cikin jihar Nasarawa, wajen ƙarshen shekara. Ranakun suna canzawa shekara zuwa shekara, sai a riƙa sauraron sanarwa a rediyo ko a tambayi malamin gona.

Amfanin zuwa irin waɗannan wurare ba kallo ba ne kawai. A nan za ka haɗu da kamfanin iri ido da ido, ka karɓi lambar wakilinsu na gaskiya, ka ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana yana zuba ruwa kafin ka sa kuɗinka.

A 2024 kuma uwargidan shugaban ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta gudanar da gasar lambun gida ga mata a duk faɗin ƙasar, da manufar kowane gida ya samu lambunsa. Hakan ya biyo bayan dokar ta-ɓaci kan abinci da gwamnati ta ayyana a Yulin 2023.

Me ake koya

Na farko renon iri. Tumatir yana yin mako 3 zuwa 4 a wurin reno kafin dashe, attaruhu da tattasai mako 5 zuwa 6. Yanzu ana koyar da reno a faranti mai ramuka, ƙwaya ɗaya a rami ɗaya, domin irin zamani yana da tsada, ba a watsa shi kamar gero.

Na biyu noman buhu, ga wanda ba shi da fili. A cika buhu da ƙasa mai kyau haɗe da ruɓaɓɓen taki, a huda ƙasansa don ruwa ya fita, a ajiye inda rana ke samu. Alayyafo yana isa yanka cikin mako 3 zuwa 4. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, sai an bari ya ruɓe tukuna.

Na uku maganin ƙwari. Waɗanda suka ga 2016 ba za su manta da tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna Sharon ba, wadda ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Ana koyar da gane ta da wuri, da sauya magani don kada ta saba da shi, da jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya a yi feshi da yamma. Kowane magani yana da kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka, a rubuce suke a jikin kwalba. Fesa ganye yau a kai kasuwa gobe zalunci ne ga mai ci.

Na huɗu ruwa. Ruwan kwata da na masana'antu yana sa ganye ya yi kore shar, amma masu bincike sun sha gano dalma da wasu ƙarafa masu cutarwa a kayan lambun da aka shayar da ruwan Jakara da Getsi a Kano. Wanda lambunsa ke ƙasa da wata masana'anta ko babbar bola, ya nemi rijiya.

Yara da dogon hutu

Dogon hutun makarantu yana kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin shirin rani. Ba sabon abu ba ne a sa ɗalibai gona a wannan hutu. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin Ciyar da Ƙasa, OFN, aka tura ɗaliban manyan makarantu aikin gona a lokacin hutu, aka kuma kwaɗaita wa kowane gida yin lambu a bayan ɗaki. Iyaye ba sai sun jira gwamnati ba. Buhu biyar da irin alayyafo da kuɓewa sun isa yaro ya shuka, ya yanka, ya ga kuɗin guminsa kafin a koma makaranta. Feshin magani dai kada a bar wa yaro.

Yadda ake shiga

Ku haɗu aƙalla mutum 10 masu sana'a ɗaya, ku zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, ku yi rajistar ƙungiyar gama kai a ofishin da ke kula da hakan, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Kowa ya tanadi lambarsa ta NIN da ta BVN, da layin waya mai sunansa. Daga nan ku kai kanku sashen gona na ƙaramar hukuma da ofishin Fadama, ku sanar da mai unguwa, ku kuma nemi reshen Ƙungiyar Manoman Najeriya, AFAN. Ku riƙe littafin taro da na kuɗi, domin shi ake fara tambaya.

Hattara da 'yan damfara. Duk saƙon WhatsApp da ya ce ka tura kuɗin fom zuwa asusun wani mutum don a sa sunanka a tallafi, ka je ofishin da ƙafarka ka tambaya kafin ka tura ko kwabo. Kada ka ba kowa lambar sirrin katinka.

Maganar fili

Nan ne babbar barazana. Ƙasar Abuja a hannun Gwamnatin Tarayya take, kuma gari yana cin gonaki kullum. Filin da kake lambu a kai wataƙila an riga an ba wani takardarsa, ranar da ya zo gini ba zai jira tumatir ɗinka ya nuna ba. Don haka a yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, a faɗi watan da za a tashi. A filin aro a shuka abin da ke saurin isa, a kuma sa kuɗi a kayan da za a iya ɗauka, kamar inji da tiyo, maimakon gini.

Ga mazauna Kudu

Ba sai ka zo Abuja ba. Kowace jiha tana da ADP da ofishin Fadama. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, da aka kafa a 1975, hedikwatarta tana Ibadan, tana da rassa a Mbato ta jihar Imo da Bagauda ta jihar Kano, kuma tana horar da manoma. Shirin HortiNigeria, da ofishin jakadancin Holan ya ɗauki nauyi daga 2021, ya yi aiki da 'yan lambu a Kano da Kaduna da Ogun da Oyo.

Baƙo yakan ji tsoron cewa za a ce shi ba ɗan jiha ba ne. Maganin wannan shi ne rajista a inda kake zaune, da shiga ta hannun Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa, da haɗa ƙungiya da 'yan gari masu lambu kusa da kai. A kuma shuka abin da garin ke ci: lalo, wato ewedu, a ƙasar Yarbawa, ugu da shuwaka a ƙasar Ibo da Fatakwal. Damina a Kudu ta fi tsawo, don haka a ɗaga kunya sosai kada ruwa ya kwanta, a kuma tambayi malamin gonar yankin irin da ke jure laima kafin a taho da iri daga gida.

Allah ya sa albarka a nema, ya ba mu damina da rani masu amfani.