Daga Agogon Nurmi Zuwa Wayarka: Tarihin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Zaɓi Manhajar Gudu

Idan kana cikin masu fita gudu da sassafe a Kudenda, ko ta gefen titin Nnamdi Azikiwe, ko kana tsallaka kogi zuwa Dandalin Murtala, da wuya a ce babu wata manhaja a wayarka mai ƙirga maka kilomita. Wataƙila gasar gudun Kaduna da aka fara a watan Nuwamban 2020 ce ta sa maka sha'awa. Wataƙila kana shirin gwajin shiga soja ne, ko kuwa likita ne ya ce ka rage tumbi. Ko ma mene ne dalilinka, tambayar da masu gudu ke yawan yi ita ce: wace manhaja ce ta fi? Strava, Garmin Connect, TrainingPeaks, ko wata daban?

Kafin mu je ga amsa, ga abin da ya kamata ka riƙe. Kowace lamba da ke fitowa a allon wayarka tana da mai ita, tana da shekarar da aka ƙirƙiro ta, tana kuma da irin mutanen da aka gwada ta a kansu. Wasu lambobin aunawa aka yi, wasu kuma kirdado ne kawai. Wanda ya san wannan tarihin ba zai kashe kuɗinsa a banza ba, kuma ba zai ji wa jikinsa ciwo don biyayya ga waya ba.

Zamanin agogo da yatsa

Labarin ya fara ne da agogo. Paavo Nurmi, ɗan ƙasar Finlan wanda ya ci zinare tara a gasar Olamfik tsakanin 1920 da 1928, ya shahara da yin gudu riƙe da agogon ƙirga lokaci a hannu. A lokacin da sauran 'yan tsere ke kallon junansu, shi lokaci yake kallo, yana raba ƙarfinsa daidai daga farko zuwa ƙarshe. Nisa da lokaci, su ne bayanan farko, kuma har gobe babu lambar da ta fi su gaskiya.

A daidai wannan zamanin, wani masanin Ingila mai suna A. V. Hill, wanda ya samu kyautar Nobel ta 1922, yana auna iskar oksijin da jiki ke sha yayin gudu. A 1923 shi da Hartley Lupton suka bayyana cewa akwai iyakar da shan oksijin ke tsayawa, ko da mutum ya ƙara sauri. Wannan iyakar ita ce VO2 max da agogon zamani ke nuna maka. Amma lura: ainihin awon sai a ɗakin gwaji, da takunkumi a fuska da na'urar tantance numfashi. Agogonka bai taɓa ganin numfashinka ba. Saurinka da bugun zuciyarka yake haɗawa ya yi hasashe.

Bugun zuciya ya shigo harkar ne ta hannun Jamusawa. Kociya Woldemar Gerschler, wanda ya horar da Rudolf Harbig har ya kafa tarihin mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 46.6 a 1939, ya gina atisayen gudu da hutu, daga baya kuma ya yi aiki da likitan zuciya Herbert Reindell a birnin Freiburg. Dabarar mai sauƙi ce: ɗan wasa ya yi gudu har bugunsa ya kai wajen 180 a minti, ya huta har ya sauko wajen 120, sannan ya sake. Da yatsa a wuya ko a wuyan hannu ake ƙirgawa, a rubuta a littafi.

Zamanin lissafi

Daga 1950 zuwa 1980 aka haifi yawancin lissafin da ke ɓoye cikin manhajojin yau. A 1957 Martti Karvonen na Finlan ya kawo hanyar auna tsananin atisaye ta la'akari da tazarar da ke tsakanin bugun zuciya na hutu da mafi girman bugu. A 1968 Kenneth Cooper, likitan sojan saman Amurka, ya fito da gwajin minti 12: ka yi iyakar gudunka na minti goma sha biyu, nisan da ka ci ya nuna ƙarfin juriyarka. Gunnar Borg na Suwidin kuma ya tsara ma'aunin da ɗan wasa zai faɗi da bakinsa irin wahalar da ya ji, daga 6 zuwa 20.

Sai shahararren lissafin nan, 220 a cire shekarunka, wanda ake jingina shi ga wani rubutun Fox, Naughton da Haskell na 1971. Ɗan shekara 28 zai samu 192 a matsayin mafi girman bugunsa. A 2001 Hirofumi Tanaka da abokan aikinsa suka tattara bincike masu yawa suka ba da wani lissafin: 208 a cire shekaru sau 0.7, wanda zai ba wannan matashin 188. To wanne ne gaskiya? Duka biyun matsakaicin jama'a suke faɗa, kuma mutum ɗaya na iya saɓa musu da bugu goma ko fiye, sama ko ƙasa. Ka ga ke nan idan manhaja ta yanka maka matakan atisaye bisa wannan lissafin ba tare da ta bar ka ka gyara ba, tana iya ce maka kana cikin sauƙi alhali kana gab da sheme wa.

Babban tsalle ya zo a 1975 daga Eric Banister na Jami'ar Simon Fraser a Kanada. Tunaninsa shi ne kowane atisaye na barin abu biyu a jiki: ƙarfi da gajiya. Gajiya ta fi yawa da farko amma tana saurin gushewa, ƙarfi kuwa yana taruwa a hankali yana kuma daɗewa. Abin da za ka iya yi a ranar gasa shi ne ƙarfin bayan an cire gajiyar. Waɗannan layukan masu hawa da sauka da kake gani a TrainingPeaks da Strava da intervals.icu duk jikokin Banister ne. A tsarin da Andrew Coggan ya yaɗa, layin ƙarfi matsakaicin nauyin atisaye ne na kwana 42, na gajiya kuma na kwana 7. Waɗannan kwanakin zaɓi ne na gama-gari, ba daga jikinka aka auno su ba.

Zamanin na'ura

A 1977 Seppo Säynäjäkangas ya kafa kamfanin Polar a Finlan, a 1982 kuma suka fito da na'urar auna bugun zuciya ta farko marar waya da ɗan wasa zai ɗaura a ƙirji. A 1986 Ulrich Schoberer na Jamus ya kafa SRM, masu na'urar auna ƙarfin da ƙafa ke zubawa a fedar keke. A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin siginar GPS da take yi wa farar hula da gangan, bayan shekara uku Garmin ta fito da agogon Forerunner na masu gudu.

Da bayanai suka yi yawa, sai aka buƙaci inda za a zuba su. TrainingPeaks ta soma a 1999 don kociyoyi su riƙa bin 'yan wasansu daga nesa. GoldenCheetah, wadda Sean Rhea ya fara a 2006, kyauta ce, tana zaune a kwamfutarka, kuma kowa na iya duba yadda take lissafi. Strava ta zo a 2009 da wani salo daban: ta mayar da gudu dandalin zumunta, inda abokai ke ganin hanyar da ka bi suna jinjina maka.

Ana cikin wannan yayi na na'urori, a 2001 Carl Foster ya wallafa wata hanya da ba ta buƙatar ko batir. Bayan ka gama atisaye, ka ba wahalarsa maki daga 0 zuwa 10, ka ninka da mintunan da ka yi. Gudun minti 40 mai wahalar 6 ya zama 240. Ka tara na mako, ka kwatanta da makon jiya. Bincike da dama sun nuna wannan lissafin na tafiya kafaɗa da kafaɗa da na bugun zuciya. Eliud Kipchoge ma, wanda ya yi gudun kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019, an san shi da rubuta atisayensa da hannu a littafi shekara da shekaru.

Inda aka ji jiki

Tarihin nan yana da nasa tabo. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada agogunan hannu bakwai a jikin mutum 60. Shida daga ciki sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Amma wajen ƙirga kuzarin da jiki ya ƙona, wanda ya fi kowa ƙoƙari ya kauce da kashi 27, na ƙarshe kuma da kashi 93. Binciken ya kuma ga kuskure ya fi yawa a masu duhun fata, domin agogon koren haske yake haskawa cikin fata, sinadarin launin fata kuma yana shanye wani ɓangarensa. Wani binciken Jami'ar Duke na 2020 bai ga wannan bambancin ba, ya dai tabbatar kuskure na ƙaruwa idan ana motsi. Ɗamarar ƙirji, mai karanta lantarkin zuciya kai tsaye, ba ruwanta da launin fata.

A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu gudu tana tona wuraren sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojojin na gudu da manhajar a kunne. A Yulin 2020 'yan kutse masu neman kuɗin fansa suka durƙusar da Garmin Connect na kwanaki. A ƙarshen wannan shekarar aka rufe Endomondo gaba ɗaya, wanda bai kwashe bayanansa ba ya yi asarar tarihin gudunsa. Strava kuma a 2020 ta mayar da wasu abubuwan da a da kyauta ne zuwa na masu biya.

To, wacce za ka zaɓa?

Tambaya ta farko: za ka iya fitar da bayananka? Ka duba ko manhajar na ba ka fayil irin GPX, TCX ko FIT. Idan babu ƙofar fita, haya kake yi a gidan da za a iya ba ka notis kowane lokaci.

Ta biyu: tana bari ka gyara lambobinka? Mafi girman bugun zuciya, bugun hutu da matakan atisaye su zama naka. Wannan ya fi muhimmanci a nan, domin a zafin Maris da Afrilu na Kaduna zuciya na ƙara bugu a kan saurin da ka saba, saboda jini na tafiya fata don sanyaya jiki, gumi kuma na rage ruwan jini. Manhajar da ba ta san da zafi ba sai ta ce ƙarfinka ya ragu. Haka ba ta san ka kwana a aikin dare a masana'anta ba, ko kana azumi, ko ƙurar hunturu ta toshe maka ƙirji. Don haka ka nemi mai wurin rubuta bayani da makin wahala irin na Foster.

Ta uku: wa ke ganin hanyarka? Gudun da ke farawa daga ƙofar gidanka ƙarfe biyar da rabi kullum, idan yana buɗe ga kowa, ka sanar da duniya inda kake kwana da lokacin da kake fita kai kaɗai. Ka rufe shafinka sai ga waɗanda ka sani, ka kunna tsarin ɓoye farko da ƙarshen hanya. 'Yan'uwa mata masu gudu, wannan ya fi shafar ku.

Ta huɗu: aljihu. Yawancin kuɗin rajistar nan da kuɗin waje ake ƙayyade su, kuma ka san yadda naira take. GPS kansa ba ya cin data, sauraron tauraron ɗan'adam kawai wayar ke yi, amma yana shan caji, ɗora bayanai da buɗe taswira kuma su ke cin data.

Idan ka auna da waɗannan, lamarin ya yi sauƙi. Mai farawa, waya kawai gare shi: manhaja ta kyauta mai ƙirga nisa da lokaci, da littafi ɗan ƙarami na makin wahala, sun ishe shi shekara guda cur. Mai agogo ko ɗamarar ƙirji da ke son ganin layukan Banister ba tare da biyan kuɗi ba, ga intervals.icu ko Runalyze a intanet, ga GoldenCheetah idan yana da kwamfuta kuma yana son bayanansa su zauna a hannunsa. Mai kociya da ke tsara masa mako daga nesa, shi TrainingPeaks aka yi dominsa. Wanda kuma ganin abokai ne ke tashe shi daga barci, Strava za ta yi masa amfani, muddin ya gyara saitin sirri.

Duk wadda ka ɗauka, ka riƙa yi mata jarrabawa. Bayan kowane mako shida ko takwas, ka je fili ɗaya da ka san tsawonsa, da sassafe kafin rana ta ɗaga, ka yi gwajin Cooper na minti 12, ka rubuta nisan. Idan nisan na ƙaruwa, atisayenka na aiki ko da wayar ta ce akasin haka. Idan kuma layin allo na hawa amma nisan ya tsaya, barci ya ƙi, ƙafa ta yi nauyi, to ka rage atisaye na mako guda sannan ka sake gwadawa. Ciwon ƙirji, jiri ko numfashi mai sarƙewa kuwa ba maganar manhaja ba ce, asibiti za ka nufa.