Daga Shafaƙin Magariba Zuwa Rediyon Zango: Yadda Aka Auna Iskar da ke Bisa Kanmu

Duk wanda ya girma a zango ya san dattawa da akwatin rediyo bayan sallar isha, suna murɗa shi a hankali har muryar Landan ko ta Kaduna ta fito tas. Kaɗan ne suka taɓa tambayar ta wace hanya muryar ke bi ta iso. Amsar tana sama da kawunanmu, kuma tarihinta ya faro ne daga wurin masu lissafin lokutan sallah.

Tun a ƙarni na 11 na Miladiyya, wani alƙali kuma masanin lissafi a Andalus, Ibn Mu'az al-Jayyani, ya lura cewa shafaƙi ba ya gushewa sai rana ta yi ƙasa da sararin gani da digiri 18 zuwa 19. Ya ce hasken nan na bayan faɗuwar rana, iskar can sama ce ke maido shi gare mu. Da wannan ya yi lissafi, ya samu tsayin iskar ya kai mil 50 da ɗoriya, wato wajen kilomita 80. Turawa sun fassara littafinsa zuwa Latin, suka daɗe suna jingina shi ga Ibn al-Haisam bisa kuskure.

Sai a shekarar 1902 aka gane cewa iskar hawa-hawa ce kamar bene. Wani Bafaranshe, Teisserenc de Bort, ya yi ta sakin balan-balan ɗauke da ma'aunin zafi, ya ga sanyi na ƙaruwa har wani matsayi, sannan ya tsaya. Daga nan aka ci gaba da bincike har aka tantance hawa biyar.

Hawa na ɗaya shi ne wanda muke shaƙa. A nan gajimare da hadari suke, a nan ƙurar hunturu ke tasowa daga Sahara ta lulluɓe Tamale. A ƙasashenmu masu zafi yakan kai kilomita 16 zuwa 18, a ƙuryar arewa da kudancin duniya kuwa wajen 8 kawai. Hawa na biyu ya miƙe zuwa kilomita 50, a cikinsa akwai iskar ozon wadda ke tare mana kaifin hasken rana mai ƙona fata. Na uku ya kai kilomita 85, shi ya fi kowanne sanyi, har digiri 90 ƙasa da sifili. Abin da muke kira tauraro mai faɗuwa, yawanci tsakuwa ce daga sararin samaniya ke ƙonewa a nan. Na huɗu ya kai wajen kilomita 600, tashar 'yan sama jannati tana yawo a cikinsa a tsayin kilomita 400. Na biyar iska ce mai tsananin kaɗan, tana narkewa cikin sarari. Kada a haɗa waɗannan da sammai bakwai da muka karanta a makarantar allo da ta ilimi. Wancan gaibu ne da muka yi imani da shi, wannan kuwa iska ce da ake aunawa da na'ura.

Batun rediyo ya shigo ne a watan Disamba na 1901, lokacin da Marconi ya aika sigina daga Ingila aka karɓa a Kanada. Masana suka ruɗe, domin duniya kewayayya ce, igiyar rediyo kuma ba ta lanƙwasa haka. A 1902 Kennelly da Heaviside suka ce lalle akwai wani rufi a sama mai maido da igiyar ƙasa. Appleton ya tabbatar da shi a 1924, a tsayin kusan kilomita 100, aka ba shi lambar Nobel a 1947. Hasken rana ne ke cajin iskar wurin da lantarki, tun daga kilomita 60 har ɗaruruwan kilomita. Sashen ƙasa na wannan rufi yana shanye sigina da rana, da dare kuma ya ɓace. Shi ya sa tashoshin nesa suka fi fita da dare. Ta wannan hanya sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, shekarar 'yancin Gana, ya riƙa iso wa kakanninmu, ya haɗa su da 'yan uwansu na Kano da Sakkwato.

Akwai kuma abin da ya keɓanci yankinmu. Tamale tana kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu. A bisa wannan layi, a tsayin kilomita 100 da 'yan kai, wani kogin lantarki na gudu daga yamma zuwa gabas da rana. An fara ganin alamarsa a Huancayo ta ƙasar Peru, Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951. Malaman jami'ar Legon da ta Ibadan sun yi shekaru suna nazarin wannan sama tamu, cikinsu har da Fada John Koster, wanda ya yi fice wajen binciken yadda siginar da ta ratso saman Gana ke rawa da dare. Wannan rawar har yau tana damun na'urorin GPS.

Ɗaliban jami'ar All Nations ta Koforidua ne suka ƙera GhanaSat-1, aka sake shi daga tashar sama a 2017. Jami'ar UDS kuwa tana nan garinmu tun 1992. Tambayar da ya kamata kowane uba a zango ya yi wa kansa ita ce: yaranmu nawa ne ke karatun lissafi da kimiyya a can? Alƙalin Andalus ya haɗa fiƙihu da lissafi bai ga ɗaya ya hana ɗaya ba. Idan muka bar yaranmu a tasha da kasuwa tun suna ƙanana, wasu ne za su ci gaba da auna saman da ke bisa gidajenmu. Allah Ya sa mu gane, Ya albarkaci zuriya.