Kemistirin da ba ya buƙatar kwalba

Mu 'yan Tambuwal da Kebbe mun shiga jami'a da sanin cewa kemistiri kwalabe ne da warin asid. Ba mu yi laifi ba, don sassan kemistiri a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, da ta Sakkwato ta 1975, sun fi ba da ƙarfi ga binciken saiwoyi da ruwan sha da ƙasar noma.

Reshen kemistiri da ake yi da lissafi zalla ya girme su duka. A 1927 masana kimiyya Heitler da London suka ɗauki lissafin kwantam da Schrödinger ya fitar a 1926, suka bayyana abin da ke ɗaure ƙwayoyin zarra biyu na haidurojin. Daga nan aikin ya fi ƙarfin alƙalami, sai da kwamfuta ta zo. John Pople ya fitar da manhajar Gaussian a 1970, shi da Walter Kohn suka raba kyautar Nobel a 1998.

A nan Arewa, rashi ne ya buɗe wa fannin ƙofa. Bayan shirin SAP na 1986 naira ta faɗi, sinadarai suka yi tsada, injin da ya lalace ya kwanta ke nan. Da laftof ta wadata, hukumar TETFund kuma ta riƙa tura malamai karatu ƙasashe irin su Malesiya, sai ɗakin gwaji ya koma cikin jaka. A Zariya, ɗaliban Farfesa Adamu Uzairu sun wallafa takardu masu yawa kan auna magunguna da kwamfuta kafin a haɗa su.

Sai dai yawancin aikinmu hoto ne na sinadari a tsaye. Bin motsinsa lokacin da ɗauri ke tsinkewa, cikin kashi ɗaya bisa biliyan miliyan na daƙiƙa, wato abin da ya ba Bamisire Ahmed Zewail kyautar Nobel a 1999, har yanzu masu taɓa shi 'yan kaɗan ne. Yin sa da kwamfuta yana son wutar da ba ta ɗaukewa kwana da kwanaki, da lissafi mai zurfi.

Sola na iya magance matsalar wuta. Lissafi kuwa daga sakandare ake dasa shi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron Kebbe da ya sami malamin lissafi nagari a aji huɗu, shi za mu iya ɗora wa wannan aiki.