Asalin Jadawalin Magungunan da Doka Ta Ƙayyade

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, ofiyom, wato daskararren ƙaron da ake tatsa daga kwanson wani fure, haja ce da manyan dauloli ke cin ribarta a fili, har ta kai Ingila ta yaƙi ƙasar Sin daga 1839 zuwa 1842 domin kada a rufe mata kasuwarta. Sai a 1909 ƙasashe 13 suka zauna a birnin Shanghai kan lamarin, zaman da ya haifar da yarjejeniyar Hague ta 1912, wadda ta ɗora wa gwamnatoci nauyin sa ido kan ofiyom da mofin da hiroyin da hodar iblis. Tabar wiwi kuwa ba ta shiga sahu ba sai a taron Geneva na 1925, bayan da wakilin Masar ya matsa lamba.

Tsarin da ake bi a yau ya samo tushe daga yarjejeniyar 1961 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta kasa magungunan zuwa jadawali huɗu, ma'ana jeri huɗu da kowannensu ke da tsananin tsaronsa, gwargwadon yadda magani ke kama jiki da kuma amfaninsa ga marar lafiya. Mofin ya faɗa jadawali na ɗaya, kodin na biyu, amma haɗe-haɗen da ke ɗauke da kodin kaɗan, irin su maganin tari na ruwa, aka ajiye su a na uku inda aka sassauta sharuɗɗa, bisa zaton cewa ɗan abin da ke cikin kwalba bai isa ya jawo jaraba ba. Yarjejeniyar 1971 ta ƙara da ƙwayoyin da ke taɓa ƙwaƙwalwa, ta 1988 kuma ta kai hannu ga sinadaran da ake haɗa miyagun ƙwayoyi da su, kamar efedirin.

Nijeriya ta gaji wannan tafarki tun daga dokar magunguna masu haɗari ta 1935, sannan gwamnatocin soja suka tsananta, har dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi hukuncin kisa, aka kuma harbe mutum uku a Legas a watan Afrilu na 1985. An kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC kuma a 1993. Sai dai ɓarnar da ta fi ci wa Arewa tuwo a ƙwarya ba daga hiroyin ta zo ba. Daga wancan jadawali na uku ta ɓullo, inda matashi zai shanye kwalbar da aka tsara a riƙa sha cokali-cokali, kuma ba a hana sarrafawa da shigo da maganin tarin mai kodin ba sai a watan Mayu na 2018, bayan binciken da BBC ta watsa.

Batun tiramadol, ƙwayar rage raɗaɗi, ya fi wuyar warwarewa, domin har yau ba ya cikin jadawalin duniya ko ɗaya. Masar, wadda ta jawo tabar wiwi cikin doka a 1925, ita ce ta dage a saka shi, amma kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba lamarin a 2018 bai ba da shawarar hakan ba, saboda a ƙasashen da mofin ke wuyar samu, shi ne abin da likita ke iya miƙa wa mai ciwon daji ko wanda aka yi wa tiyata. Wannan hujja tana da nauyi ƙwarai, kuma duk wanda ya san halin masu jinya a asibitocin karkara ba zai raina ta ba. Don haka nauyin sa ido a kansa ya koma kan kowace ƙasa ita kaɗai: Nijeriya ta amince da ƙwayar miligiram 50 da 100, alhali masu fasa-ƙwauri na cika kwantena da mai miligiram 225, wadda babu asibitin da ya nema.